Tsoho Ya Bugu a Kai a Kuta: Gwajin Jini Ko Hanyar Minna?

Dattijon da ya zame a bakin rijiya, ko ya faɗo daga bayan acaɓa a hanyar Gwada zuwa Kuta, muddin ya miƙe da ƙafarsa ya amsa sannu, a wurin yawancin mutane magana ta ƙare. A shafa masa man zafi inda ya kumbura, a sayo masa farasitamol a kemis, a ce Allah ya kiyaye gaba. Sau da yawa kuwa maganar ta ƙare ɗin da gaske. Amma a cikin irin waɗannan dattawa akwai 'yan kaɗan da jini ke tsiyaya a cikin ƙoƙon kansu a daidai lokacin da ake yi musu barka da arziki, kuma ba idon da zai iya ware su daga sauran. Hoton CT ne ke warewa, na'urarsa kuwa kayan manyan birane ce. Wata ƙidaya da aka wallafa a 2018 ta samu guda 183 kacal a faɗin Nijeriya. Mutumin ƙaramar hukumar Shiroro da likita ya ce a ɗauki hoton kansa, sai ya nufi Minna, wani lokaci ma sai Abuja.

Don haka duk ma'aikacin lafiyar karkara da ya ji labarin gwajin jinin da ke gano alamar raunin ƙwaƙwalwa cikin minti 15, da na'urar da ake riƙewa a hannu, dole ransa ya biya. Me zai hana a kawo shi Babban Asibitin Kuta, a huta da jigilar tsofaffi? Matsayina a fili yake. Gwajin na gaskiya ne, ba surutun 'yan talla ba. Sai dai a kan tsofaffi ne ya fi gazawa, alhali su ne ake son a ceta. In aka ce a zaɓi abin da za a fara kashe wa kuɗi domin kan dattijon Kuta, wannan gwaji ba shi ne na farko ba, ba kuma shi ne na biyu ba.

A fara ba shi haƙƙinsa. Idan ƙwaƙwalwa ta bugu, wasu sinadaran da ke zaune a cikin ƙwayoyinta sukan tsiyayo cikin jini. Biyu ne suka yi fice: GFAP, da ke fitowa daga ƙwayoyin da ke tallafe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da UCH-L1, da ke fitowa daga ƙwayoyin jijiyoyin kansu. A watan Fabrairun 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da gwaji na farko mai auna waɗannan biyu, na kamfanin Banyan, bisa wani bincike mai suna ALERT-TBI da aka yi a kan mutum kusan 2,000 a Amurka da Turai. Cikin waɗanda hoto ya nuna rauni a kansu, gwajin ya kama sama da kashi 97 cikin 100. Waɗanda kuma ya ce ba komai, kashi 99.6 cikin 100 hotonsu ya fito lafiya lau. A 2021 kamfanin Abbott ya samu izinin sanya gwajin a ƙaramar na'urarsa ta i-STAT, amma a lokacin sai an fara tace jinin a ɗakin gwaji. A 2024 aka amince da samfurin da ake ɗiga masa jinin jijiya kai tsaye a gefen gadon majiyyaci, matuƙar ba a wuce awa 24 da buguwar ba.

To, wace cuta aka ƙera shi ya magance? Asibitocin Amurka hoto ne ya yi musu yawa. A binciken ALERT-TBI ɗin kansa, mutum 6 ne kawai cikin 100 hotonsu ya nuna rauni, sauran an kashe musu kuɗi da lokaci, an kuma haska su da ƙarfin na'ura ba tare da an ga komai ba. Aikin gwajin shi ne ya rage wannan layi. Abu biyu kawai ya iya faɗi: "koma gida," ko kuma "je ka yi hoto." Ba ya cewa akwai jini a kai, ba ya faɗin inda yake, ba ya faɗin girmansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yoyon Kuta daban ne. A nan ba a fama da tsofaffin da aka yi wa hoto a banza, ana fama ne da tsofaffin da ba wanda ya taɓa tunanin kai su asibiti.

Kan tsoho kuwa ba kan saurayi ba ne. Yayin da shekaru ke ja, ƙwaƙwalwa takan ɗan motse, ƙoƙon kai kuma yana nan yadda yake, sai ta zama kamar ƙwayar gyaɗar da ta bushe a cikin ɓawonta, tana da wurin girgiza. Siraran jijiyoyin jinin da suka ratsa tsakanin ƙwaƙwalwa da rufinta sai su miƙe su ɗame, 'yar buguwa kaɗan ta tsinka su. Wannan fili da ya buɗe shi ke yaudarar iyali da ma'aikacin jinya gaba ɗaya, domin jini na da inda zai taru kafin ya fara matse ƙwaƙwalwa. Tsoho zai yi hira, ya ci tuwonsa, ya tafi masallaci ya dawo, jini na zuba a hankali. Ga kuma 'yar ƙwayar asfirin, irin su Vasoprin, da tsofaffi masu hawan jini da yawa ke sha kullum, wadda ke rage wa jini saurin daskarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum 684,000 a shekara, sama da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi mutuwa.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. Ma'aunin Glasgow da aka fito da shi a 1974 yana ba majiyyaci maki daga 3 zuwa 15 gwargwadon yadda yake buɗe ido, yake magana, yake motsi, kuma wanda ya samu 13 zuwa 15 shi ake lissafawa cikin masu rauni mai sauƙi. Amma ƙa'idar da likitocin Kanada suka wallafa a 2001 ba ta yarda da wannan sauƙi ba idan an zo kan tsoho. Ta ce duk wanda ya kai shekara 65, ya bugu a kai har ya suma, ko ya ɗimauce, ko ya manta abin da ya faru, a yi masa hoto ko da makinsa 15 cif.

Fatan masu gwajin jini shi ne ya sassauta wannan ƙa'ida, ya tsame tsofaffin da ba su buƙatar hoto. A nan ne gizo yake saƙar. Da masu bincike suka koma kan alƙaluman ALERT-TBI suka ware masu shekara 65 zuwa sama, a wani nazari da aka wallafa a 2020, sai suka ga gwajin bai tsallake ko tsoho ɗaya mai rauni ba. Madalla. Amma cikin tsofaffi 100 da hotonsu ya fito lafiya, 13 kawai ya wanke, sauran 87 ya ce a je a yi hoto. A wajen waɗanda ba su kai 65 ba, 44 yake wankewa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: GFAP yana ƙaruwa a jini tare da shekaru ko ba a bugu ba, yana kuma ƙaruwa ga mai cutar mantuwa. Jinin tsoho mai lafiya na iya tsallake layin da aka shata wa gwajin yana zaune a kan tabarmarsa.

A kawo wannan lissafi Kuta. Dattawa goma sun faɗi, an kawo su asibiti, an fasa wa kowannensu kwanson gwaji da aka sayo da dala. Kusan tara za a ce su kama hanyar Minna. Ma'aikaciyar jinyar da ta san ƙa'idar shekara 65 da baki za ta faɗi kusan wannan magana, ba a biya ko kwabo ba. Me aka saya ke nan?

Akwai masu cewa da babu gara ba daɗi, kuma ban raina maganarsu ba. Duk wanda ya san Shiroro ya san abin da tafiya ke nufi. Hare-haren 'yan bindiga sun koro mutanen Allawa da Bassa da Kurebe da Galadima Kogo zuwa Kuta da Gwada da Zumba, da yawansu suka kwana a azuzuwan makarantun firamare, da tsofaffinsu a cikinsu, ba gona ba rumbun doya. Ga iyali irin wannan, shatar mota zuwa Minna da kuɗin hoton da kan kusanci albashin wata na ƙaramin ma'aikaci ba ƙaramin dutse ba ne. In gwaji ya hutar da 13 cikin 100, ai an yi wani abu. Gaskiya ne. Amma kafin a hutar da 13 ɗin sai an sayi kwanso 100. Sai an sayi na'urar, an tanadi firjin da ba ya mutuwa domin a sanyi ake ajiye kwanson, an samar da ɗaki mai sanyi domin na'urar ba ta aiki a zafin da ya haura digiri 30, ga shi watan Maris a Neja ba ya wasa. Kwanson yana da ranar lalacewa, kuma asibitin da tsofaffi masu buguwar kai ke zuwa jefi-jefi zai zubar da wasu ba a taɓa su ba. Wannan kuɗi, da a ce man mota da hoto aka biya da shi, da dattawan da aka tura sun isa inda aka tura su. Mene ne amfanin takardar da ta ce "je ka yi hoto" a hannun wanda ba shi da kuɗin mota?

Wasu kuma sukan kawo misalin gwajin zazzabin cizon sauro. Ai haka aka yi ta shakka, in ji su, yau ga shi kowane ƙaramin asibiti na da tsinken gwaji. Wannan misali ma ni yake goya wa baya. Tsinken maleriya in ya nuna layi biyu, maganin yana nan a kan kanta, a miƙa wa majiyyaci ya sha. Gwajin ƙwaƙwalwa in ya nuna alama, abin da ke biye da shi hanya ce, sai na'urar hoto, sai likitan tiyata. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, gwajin bai ƙara wa iyali komai ba sai fargaba.

Akwai wani gwajin da ya girme waɗannan, S100B, wanda ƙasashen arewacin Turai irin su Suwidin da Norwe suka sa cikin ƙa'idarsu tun 2013, da sharaɗin a ɗebi jinin cikin awa 6. Wanda ya ce a ɗauko shi saboda ya fi daɗewa a hannun likitoci, ya kamata ya san abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye: ƙwayoyin da ke ba fata launinta su ma suna fitar da S100B, kuma bincike ya nuna baƙar fata na da shi a jini fiye da Turawa ko suna cikin ƙoshin lafiya. Karaya a ƙafa ko a hannu ma tana ɗaga shi, wanda ya faɗo daga acaɓa kuwa da wuya kansa kaɗai ya bugu. Layin da aka shata a Suwidin zai riƙa tuhumar lafiyayyun mutanenmu. Hatta shawarar da wasu masana ke bayarwa, cewa a ɗaga layin GFAP gwargwadon shekaru, tana da nata cikas a karkararmu, inda dattijo zai ce maka an haife shi shekarar da aka yi fara, ko ya yi aure kafin a gina madatsar Shiroro. Wane layi za a sa masa, na 65 ko na 80?

Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne sakamakon da ya ce "ba komai." Gwajin na magana ne a kan ranar farko kawai. Ita kuwa cutar da ta fi yi wa tsofaffi kwanton ɓauna, wato taruwar jini a hankali a ƙarƙashin rufin ƙwaƙwalwa, sai bayan mako uku, ko shida, ko wata biyu take bayyana, har an manta da faɗuwar. Sai a ga Baba ya fara jan ƙafa ɗaya. Cokali na suɓucewa daga hannunsa. Yana kiran jikarsa da sunan 'yarsa, yana yawan barci da rana, yana riƙe kai yana cewa ya yi masa nauyi, wata rana ya jiƙa shimfiɗarsa, abin da bai taɓa yi ba. Mutanen gida su ce gigin tsufa ne. Wani ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, wani ya ce sammu, a kira wanzami ya yi ƙaho, a karɓo rubutu. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba wanda ya tuna ranar da ya zame a makewayi. Iyalin da aka taɓa ce musu an gwada jini an ga ba komai, su za su fi kowa nisa da wannan tunani. Hoton CT na ranar farko ma ba ya kawar da wannan haɗari, balle gwajin jini. Abin da ke kawar da shi shi ne a gaya wa iyali ƙarara su sa ido har wata biyu.

A nan ne za a ci karo da hujja ta ƙarshe, wadda ba a faɗa a bainar jama'a amma ita ke yanke hukunci a gidaje da yawa: mutum ya riga ya tsufa, me za a wahalar da shi a kai? Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Cikin duk cututtukan da ke juya wa tsoho hankali, wannan tana cikin 'yan ƙalilan da ake warkewa. Likita kan huda 'yar ƙofa ɗaya ko biyu a ƙoƙon kai, tsohon jinin ya kwararo, a wasu lokuta ma ba sai an sa majiyyaci barci gaba ɗaya ba. Da yawa daga cikinsu cikin kwanaki kaɗan suke komawa gane mutane, su taka da ƙafarsu. A ƙasar Gbagyi, inda mata ke ɗaukar kaya a kafaɗa domin girmama kai, bai kamata a sha wahalar fahimtar da kowa cewa kan tsoho ya cancanci kuɗin mota ba. Matsalar ita ce masu yin aikin. Tun da Latunde Odeku ya fara tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962, har zuwa 2023 likitocin wannan fanni a Nijeriya ba su kai 200 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Sakkwato ta yi suna da cibiyarta da Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranta, Abuja na da nata likitocin, amma duk sai an je an same su.

Saboda haka abin da Kuta ke buƙata da farko ba ya cin dala. Kowane ƙaramin asibiti, da kowane mai kemis ma, tunda shi ake fara zuwa wurinsa, ya san tambayoyin da zai yi: ya suma? Yana tuna yadda ya faɗi? Ya yi amai sau nawa? Yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini? Wani ɓari na jikinsa ya yi sanyi? Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma ma'aikacin da aka koya wa ma'aunin Glasgow, yana duba majiyyaci duk bayan awa ɗaya yana rubutawa, zai ga lokacin da 15 ta koma 14. A ba iyali takarda da Hausa da Gbagyi, a kuma karanta musu, mai ɗauke da alamomin da in sun gani ko bayan mako shida ne su dawo da gudu.

Na biyu ita ce hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya. A san tun yau wace mota ce, wa ke riƙe da makullinta, wa ke biyan mai, wane asibiti ne na'urarsa ke aiki a wannan mako, wace lamba za a kira kafin a tashi. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa, Jihar Neja kuma tana da nata shirin na NiCare. Me zai hana a ce hoton kan duk wanda ya haura 65 ya bugu, shirin ya biya shi kacokan? Akwai ma magani mai araha da ɗakunan haihuwa suka riga suka sani, tranexamic acid, wanda ake yi wa mai jego in jini ya ɓalle mata. Binciken CRASH-3 da aka wallafa a 2019, a kan mutum sama da 12,000 a ƙasashe 29, ya nuna yana rage mutuwa ga masu raunin kai mai sauƙi da matsakaici in an ba su cikin awa 3. Waɗanda aka gwada a kansu ko dai hankalinsu ya riga ya ragu ko hoto ya nuna jini, don haka ba na kowane tsohon da ya zame ba ne. Amma wanda aka kawo hankalinsa yana gushewa, allurar da likita zai yi masa a Kuta kafin a sa shi mota ta fi masa gwajin da zai faɗi abin da kowa ke gani.

Ban ce a rufe wa gwajin jini ƙofa ba. Wurinsa a yanzu shi ne inda akwai na'urar hoto a kusa, domin a auna shi da ita. Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Minna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida za su iya haɗa kai da wani asibitin koyarwa, a riƙa ɗibar jinin duk tsohon da za a yi wa hoto, da izininsa, a kwatanta sakamakon biyu, a kuma auna jinin tsofaffinmu masu lafiya domin a san inda namu layin yake. Ta yiwu a gano masa wani amfanin da Amurka ba ta damu da shi ba amma mu muna buƙatarsa: idan adadin GFAP ya yi sama sosai, wannan majiyyaci a tafi da shi a daren nan, wancan kuma a kwantar da shi a sa masa ido zuwa safiya, tunda ba kowace hanya ake bi da dare a Shiroro ba. Wannan sai alƙalumanmu sun tabbatar da shi. In suka nuna gwajin zai iya hutar da rabin tsofaffinmu ba tare da ya tsallake mai jini a kai ba, zan kasance cikin masu kiran a saye shi a kai Kuta, da firjinsa da solarsa. In kuwa suka tsaya a 13 cikin 100, kuɗin ya tafi man mota da hoto.